Shango: Inda Sanyi Ba Ya Fasa Famfo, Amma Rani Yana Yi

Duk wanda ya baro tsakiyar Minna ya kama hanyar Paiko, wadda ita ce ke kai mutum Suleja, ba zai isa Chanchaga ba sai ya ratsa Shango. Unguwa ce ta ma'aikata da 'yan makaranta da masu sana'ar hannu, wadda ta bunƙasa bayan da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976 aka mai da Minna babban birninta. Baƙo kuwa in ya ɗaga kai, abin da zai fara cika masa ido shi ne tankunan roba bisa hasumiyar ƙarfe, da bututu kwance a bakin lambatu, da 'yan garuwa suna tura kura. Wannan kaɗai ya isa ya nuna masa cewa maganar ruwa ita ce babbar magana a nan, ko da yake gidan ruwa na Chanchaga da madatsar Tagwai ba su da nisa.

Don mai karatu ya gane darajar abin da za mu faɗa, bari mu leƙa ƙasashen sanyi tukuna. A Amurka da Kanada akwai wata irin mota mai kamar gida, da gado da kicin da bayan gida da famfo a cikinta, wadda iyali kan tafi yawon buɗe ido da ita. Da zarar watan Oktoba ya kama, sai mai ita ya zubar da ruwan tankunanta kaf, ya buɗe kowane famfo, ya hura iska cikin bututun, sa'an nan ya ɗura wani magani mai hana daskarewa, wanda ba shi da guba irin ta wanda ake zubawa a lagireto. Dalili kuwa shi ne, ruwa yana zama ƙanƙara in sanyi ya kai digiri 0, kuma in ya daskare yakan kumbura da misalin kashi 9 cikin 100. Wannan 'yar kumburar ita ce ke tsaga bututu. Wanda ya yi sakaci na wuni guda, sai ya biya da kuɗi masu yawa in sanyi ya wuce.

To, a Shango ko hunturu ya yi tsanani ruwa ba ya daskarewa. Abokin gābar famfo a nan shi ne rani. Ruwan sama kan ɗauke wajen ƙarshen Oktoba, ba ya komowa sosai sai Afrilu, a watan Maris kuwa zafi yakan doshi digiri 40. Rana tana cin bututun roba da aka bari a fili har ya bushe ya riƙa karyewa kamar kara. Rijiya tana ja da baya, injin ɗebo ruwa kuma in ya yi ta juyawa ba ruwa sai ya ƙone. Ƙurar hunturu tana shiga duk tankin da murfinsa bai zauna ba.

Amma mafi hatsari duka shi ne bututun da babu kome a cikinsa. Muddin ruwa yana gudu da ƙarfi, ko da akwai huda, waje yake tsiyaya. In aka ɗauke ruwa kuwa, sai hudar nan ta zama ƙofa, ta zuƙo ƙazantar lambatu zuwa ciki. Ran da ruwa ya dawo, wannan ƙazanta ce ke fara isa randar mai gida. Ta haka zazzaɓin taifot da amai da gudawa ke samun hanyar shiga gidajen da ke zaton ruwansu mai tsabta ne.

Saboda haka aikin da Ba'amurke ke yi wa motarsa kafin sanyi, shi ne ya kamata magidanci ya yi wa gidansa da kaka, tun ƙasa tana da laushin haƙa. A binne bututu, ko a shafa masa fenti inda ba ya binnuwa. A ɗauke shi daga cikin lambatu. A wanke tanki a ɗaure murfinsa. A kira mai gyaran famfo ya toshe kowane yoyo, ya duba injin. In ruwa ya dawo bayan kwanaki, a bar na farko ya zuba a shuka, kada a sha.

Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kuma rigakafi ya fi magani. Kuɗin gyaran yoyo a watan Nuwamba bai kai na garuwar wata guda a Maris ba, balle na asibiti. Allah Ya ba mu ikon kulawa, amin.