"Pass" ɗin aji daban, na titi daban

'Yan uwa da kuka samu gurbin karatu a Kudu bana, ku kula da kalmar "pass". A aji cin jarabawa take nufi, kuma mu 'yan digiri na biyu a sashenmu sai ka kai maki 50.

Amma kana fita ƙofar makaranta ta koma "fi" ɗinmu na Hausa. Abokin ɗakina in ya ce "this one pass me", nufinsa abin ya fi ƙarfinsa. Ƙaramin janareton nan ma sunansa "I pass my neighbour", wato na fi maƙwabcina, ni da haske shi cikin duhu. "Audu tall pass Musa" kuwa, ai Audu ya fi Musa tsawo ke nan. Ni a ganina shi ya sa Pidgin ke saurin kama bakin Bahaushe.

Sai dai kar bakin ya ja hannu. A rubutun bincike "exceed" ko "surpass" ake so, in ba haka ba sufabaiza zai cika maka shafi da jan biro.

Kuma don Allah, in an ce baban wani ya yi "pass away", rasuwa ce. Ta'aziyya za ka yi masa.