Daga Kurfi Zuwa Rauta

Layin kafintoci na da ba shi da ƙara irin ta yau. Abin da kunne ke ji shi ne jan zarto, da bugun guduma a kan kurfi, da magogi yana fere katako, hira kuma tana tafiya a tsakani ba tare da kowa ya ɗaga murya ba. Yanzu in ka bi ta 'Yan Katako a Na'ibawa cikin Kano, ko Panteka a Kaduna, tun kafin ka hango shago kukan injina zai tare ka. Mafi tsini a cikinsu shi ne na rauta, ƙaramin injin nan da ake riƙewa da hannu biyu, wanda ke fitar da ado a gefen gado da ƙofa, ya yanka tsagi, ya haƙa gurbi.

Aikin itace a ƙasar Hausa ya girmi kafinta nesa ba kusa ba. Masassaƙi ne ya riga shi, da gatarinsa da gizagonsa, yana fitar da turmi da akushi da kujerar tsugunno daga gungume guda, ba ƙusa ba gam. Kafinta mai aiki da tsagaggen katako ya yi ƙarfi ne a zamanin Turawa, musamman bayan da dogo ya iso Kano a 1911, hanyar ɗauko iroko da obeche da afara daga dazuzzukan Kudu ta buɗe.

Wannan kafinta in yana son ado a gefen ƙofa, sai ya ɗauko magogin da aka wasa bakinsa da siffar adon, kowace siffa da nata magogin. In gurbin haɗa ƙafar tebur ne, ya zana da fensir, ya kafa kurfi, ya yi ta bugu yana kwashewa kaɗan-kaɗan. Aikin yana cin yini, yana cin kafaɗa, kuma ba na cikin masu cewa da can an fi jin daɗi. Amma kayan aikin hannu suna da hali guda: inda hannu ya tsaya, nan suke tsayawa. Katakon ma yana gargaɗi. In ka saɓa wa kwanciyar jijiyarsa magogi zai cije, ka juya shi ka biyo ta ɗaya ɓangaren. In kurfi ya dakushe hannunka ne zai fara gaya maka. Yaron shago yakan yi watanni yana wasa baki a kan dutse da gugar samfefa kafin a bar shi ya taɓa katakon mai kuɗi, a wannan zaman ne yake koyon duba itace kafin ya sare shi. An sha yankewa, an sha bugun yatsa, amma rauni ne da yawanci ake ɗaurewa a koma aiki.

Rauta ba ta da wannan halin. Haƙorinta na iya juyawa sau 24,000 a minti ɗaya, wato sau 400 a daƙiƙa. Kafin zafi ya tashi daga yatsa har hannu ya janye, haƙorin ya zagaya sau gommai, kuma ba yanka yake yi ba, kwashe nama yake, ba ya barin abin da likita zai ɗinke.

A Amurka aka fara ƙera rauta mai aiki da lantarki a farkon ƙarni na 20, kamfanin Stanley na cikin waɗanda suka yaɗa ta. Ta farkon nan haƙorinta a kafe yake, yana leƙe a ƙasan farantin da injin ke zaune a kai ko tana aiki ko tana ajiye. In a gefen katako za ka fara, ba matsala. In a tsakiya ne, kamar gurbin makulli, dole ka jingina gefen farantin a kan katako, ka kunna, sannan ka riƙa kwantar da injin a karkace har haƙorin mai juyawa ya shiga. A wannan karkatawar ake asarar aiki, wani lokaci har da yatsa. Kamfanin Elu na Jamus, wanda Eugen Lutz ya kafa, shi ya kawo gyaran a wajajen 1949. Ya ɗora motar injin a kan sanduna biyu masu sifirin. Faranti ya zauna daram a kan katako, haƙori yana sama a ɓoye, ka kunna, ka danna ya nutsa a miƙe zuwa zurfin da ka saita, ka kulle. In ka gama ka saki makullin, sifirin ya mai da haƙorin sama kafin ka ɗaga injin. Black & Decker ya sayi Elu a 1984, daga baya injinansa suka koma ƙarƙashin sunan DeWalt, amma tsarin nan shi ne har gobe a jikin Makita da Bosch da 'yan China. Abin da ke burge ni a ƙirar shi ne, dabarar da ta sauƙaƙa aikin ita ce kuma ta raba haƙori da hannu. Shi ya sa nake jin ciwo in na ga rauta mai nutso da aka cire wa sifirin, ko aka kulle ta a ƙasa dindindin don gudun dannawa. An mai da ita ta zamanin da ta zo gyarawa.

Mu nan ta iso mu ne tare da sauyin kayan ɗaki, lokacin da gadon ƙarfe mai rumfa ya ba da wuri ga gadon katako mai ado da wadirof da dibaida. Da yawa na hannu ne, ba kwali, ba ɗan littafin bayani, in ma akwai shi cikin Jamusanci ko Turanci yake. Maigidan da ya ƙware a kurfi shekara da shekaru ya zama ɗan koyo a gaban injin, ba shi da wanda zai tambaya. Dattawan da na sani a sana'ar sun yi mata kyakkyawar tarba ta tsoro. Ba sa barin yaro ya kusance ta, a akwati suke kulle ta, kuma da ɗabi'ar kurfi suka tunkare ta: ci kaɗan, duba, ƙara ci. Wannan ɗabi'ar ce ta kare su, domin kusan duk ƙa'idar injin tana komawa can. Sandar saita zurfi da ke jikinsa tana sauka ne a kan wani ɗan dunƙule mai matakai, galibi uku, don a haƙa gurbi a hawa-hawa, 'yan milimita a kowane zagaye. Mai gaggawa da ya danna haƙori zurfin inci guda lokaci ɗaya zai ji kukan injin ya sauya, katako ya fara ƙauri, kuma siririn haƙori yana iya karyewa ya yi tsalle.

Akwai abin da kurfi bai koya wa kowa ba, sai da aka gano shi da wahala: gefen da za a tura injin. In ka dube ta daga sama, haƙorin rauta yana juyawa ne yadda hannun agogo ke tafiya. Saboda haka in gefen katakon yana fuskantarka, daga hagu za ka tura zuwa dama, haƙorin yana turjiya kana rinjayarsa. In kana zagaya gefen tebur ta waje, ka saɓa wa agogo. In cikin firam ne, ka bi agogo. Wanda ya juya lamarin zai ji da farko kamar aikin ya yi sauƙi, don haƙorin ne ke jan injin da kansa, sai kawai ya fizge kamar dokin da ya ƙwace linzami. Gwanaye kan yi wannan yankan na baya da gangan, sama-sama, a kan katako mai saurin tsagewa, amma ba aikin ɗan koyo ba ne.

Sai maganar kolet, ɗan zoben da ke damƙe ƙotar haƙori, wanda kasuwarmu ta sa ya zama tarko. Kayan Turai da milimita ake auna su, 6 da 8 da 12. Na Amurka da Ingila da inci, kwata da rabi. Kwatan inci milimita 6.35 ne, rabin inci kuma 12.7. A ido ɗaya suke da 6 da 12, a tire ɗaya mai shago ke zuba su. Ka sa ƙota mai milimita 6 a kolet na kwatan inci, za ta shiga, sifana za ta ɗaure, ka ɗauka ta kama, sai aiki ya yi zafi haƙorin ya fara zamewa ƙasa. Haka in an saka ƙotar rabi-rabi don a ƙara tsawo. Ana so aƙalla kashi uku cikin huɗu nata ya shige, a kuma ɗan ja ta baya kada ta dungure a ƙarshen rami. Faɗin haƙori ma yana da nasa hukunci. Mai faɗin rabin inci a juyi 24,000, gefensa bai kai gudun kilomita 60 a awa ba. Mai faɗin inci uku a wannan juyin ya haura kilomita 300. Don haka manyan haƙora sai an rage gudu zuwa rabi ko ƙasa, kuma a rautar da aka kafa a ƙarƙashin tebur, ba a hannu ba. Tsofaffin injina da yawa ba su da marage gudu ko kaɗan.

Wasu haɗurran kuwa namu ne na gida. Ana cikin aiki a ɗauke wuta, mai aiki ya ajiye injin makunninsa a kunne, ya juya zance. Wuta ta dawo ko a tayar da janareta, rauta ta zabura a kan benci ba mai riƙe da ita. Mafi muni shi ne a ce lokacin yana canza haƙori, yana ganin ai ba wuta. Wasu sababbin injina ba sa tashi da kansu bayan ɗaukewar wuta, amma abin dogaro shi ne zare fulogi daga soket kafin sifana ta taɓa kolet. Hannun jamfa mai faɗi, da carbin da ke lilo daga aljihu, da safar hannu ta zare, duk abin da haƙori zai kama ya naɗe ne. Abin da ban taɓa iya kallo da kwanciyar rai ba shi ne yaro ɗan shekara goma sha yana danne ƙaramin katako da tafin hannu, maigida yana wucewa da rauta dab da yatsunsa. A zamanin magogi an saba yaro ya riƙe katako, ba laifi. Al'adar ta wuce zuwa zamanin inji ba a sake dubanta ba, alhali matsin ƙarfe guda biyu da za su ɗaure aikin a benci ba su kai kuɗin haƙori mai kyau ba.

Raunin da ake gani shi ake ba da labari. Wanda ke zuwa a hankali ba mai ƙirga shi. Ƙarar da aka amince kunne ya jure na awa takwas ita ce desibel 85, rauta a cikin katako kuwa tana kusantar 100, inda a ma'aunin hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka minti 15 ne iyaka. Jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa.

Ƙura ta fi damuna. Magogi fere yake fitarwa mai naɗi, ya faɗi ƙasa a share. Rauta gari take yi mai laushi, wanda ke rataye a iska bayan an kashe injin. A garin High Wycombe na Ingila, cibiyar masu ƙera kujeru, likitoci suka lura a shekarun 1960 cewa wata cutar dajin hanci da ba kasafai ake gani ba ta yawaita a tsakanin ma'aikatan katako. A 1995 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ƙurar katako a sahun abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar. Iroko da obeche, waɗanda muka fi ta'ammali da su, an san ƙurarsu tana tayar da asma, ta iroko har da ƙaiƙayin fata. MDF da ya cika shaguna yanzu niƙaƙƙen itace ne da aka haɗe da gam mai sinadarin fomaldihaid, garinsa ya fi na kowa laushi. Kafinta ya yi ta tari a ce hunturu ne, ko da damina. Da yamma a aiki yaro ya sayo madarar gwangwani, wai tana wanke ƙirji. Madara ciki take tafiya, ƙura kuwa hanci da huhu, hanyarsu ba ɗaya ba ce. Ƙyallen da ake ɗaurawa a fuska manyan ɓarɓashi kawai yake tarewa. Mai laushin sai takunkumi mai matata wanda ya kama fuska sosai, ko bututun zuƙe ƙura, wanda yawancin rautocin yanzu suna da wurin maƙala shi a jikin faranti.