Rafin da Ke Bayan Katanga

Duk wanda ya saba bin hanyar ƙafa a gefen rafukan Lugbe zai lura cewa da wuya a ga gidan da ya fuskanci ruwa. Daga rukunin gidajen FHA har Tudun Wada da Sabon Lugbe, ƙofa titi take kallo, rafi kuwa katanga aka bar masa. Ta jikinta bututun makewayi ke tsiyaya, ta samanta ake cillo ledar shara idan dare ya yi.

Duk da haka rafin yana da mutanensa. Akwai masu wankin babur, da masu haƙar yashi, da masu lambun alayyafo da rani. Da damina yara kan zo da fatsa, don lokacin ne tarwaɗa ke hawo ruwa ta nemi ciyawar da ambaliya ta shanye ta zuba ƙwai.

Sai kuma waɗanda ba wanda ya ɗauke su aiki. Wani ne ya jera duwatsun nan da 'yan makaranta ke takawa su ƙetare. Wani ne ya sa adda ya sassabe ciyawar hanya a watan Agusta saboda macizai. Wani ya cika buhunan siminti da ƙasa ya tare gaɓar da ke zaftarewa. Da zarar hadari ya fara haɗowa a Afrilu, sai ka ga matasa ranar Asabar da shebur da manjagara da baro, sun naɗe ƙafar wando sun shiga kwalbati. Ledar fiyawata da robar lemo ne suka fi yawa, amma har tsohuwar katifa ana jawowa. Mai shago ya miƙo ruwan sanyi, dattijo ya tsaya ya ce, "Sannunku da aiki, samari, Allah ya yi muku albarka."

Inda gizo ke saƙar shi ne bayan an watse. Sharar da aka sha wahalar fitarwa a bakin gaɓa ake tsibe ta, ana jiran motar da ba wanda ya kira. Kwana biyu awaki sun barbaza ta, ruwan farko kuma ya mayar da sauran inda aka ciro shi. Ga shi kowa iyakar layinsu yake yashewa, alhali abin da na sama ya zubar a ƙofar na ƙasa yake kwana. Mazauna rukunin gidajen Trademore sun san haka: ranar 23 ga Yuni, 2023 ruwa ya mamaye gidaje 116 a rukunin, har hukumar birnin tarayya ta ayyana wurin a matsayin yankin da bala'i ya afka wa. Gini a kan hanyar ruwa aka ɗora wa laifi, kuma duk inda aka matse wa ruwa hanya, toshewar kwalbati ɗaya ta isa ta tura shi cikin ɗaki.

A birnin Seattle na Amurka akwai wani ɗan rafi, Pipers Creek, wanda kifin salmon ya ƙaurace wa shekara da shekaru. Shi wannan kifi a rafi ake ƙyanƙyashe shi, ya tafi teku ya girma, sannan ya dawo mahaifarsa ya yi ƙwai. A 1979 mazauna unguwar suka kafa ƙungiya, suka dage da shara da dashen itatuwa da sakin 'ya'yan kifi. Yanzu duk Nuwamba jama'a na zuwa kallon dawowarsa. Ba ƙarfi suka fi matasan Lugbe ba, ɗorewa ce da tsari. Mu ma ba baƙi ba ne ga irin wannan tsari: a Argungu, Sarkin Ruwa ke kula da kogin Matan Fada, kuma ba a shiga su sai lokaci ya yi.

Masu unguwanni, kwamitocin masallatai da majami'u, da shugabannin rukunin gidaje, ku zauna ku raba rafin nan, kowa ya san daga ina zuwa ina ne nasa. A tsayar da Asabar ɗaya a wata, rani da damina. Kafin a sa shebur a ruwa kuma, a tabbata an yi magana da hukumar kare muhalli ta AEPB ko masu kurar shara, a kwashe abin da aka fitar a ranar.