Alƙahira ba ta ƙare a bakin fili ba

Jama'a, duk wanda ya bi Super Eagles zuwa Masar a gasar cin kofin nahiyar Afirka ta 2019 ya san yadda wunin ɗan kallo yake tafiya. Wasa sai dare, rana kuma ga zafin watan Yuli, sai mutum ya lafe a ɗakin otal yana jiran la'asar ta yi sanyi. In an fita ma, Giza ake nufa, a ɗauki hoto a gaban dala, a hau raƙumi, a dawo. Ba na raina Giza. Dalar Khufu ta kai kimanin shekara 4,500 a tsaye, tsawonta na asali kusan mita 146, kuma a gabanta aka yi bikin raba ƙasashe rukuni-rukuni na gasar. Amma raina yana sosuwa in na tuna yawan mutanenmu da suka baro Alƙahira ba su taka tsohon gari ba.

Can ne birnin yake. Masallacin Azhar, wanda Faɗimiyyawa suka fara ginawa a 970, yana nan ana sallah ana karatu a cikinsa. Ka cire takalmi ka shiga farfajiyar da safe, farin marmara bai riga ya ɗauki zafi ba, ɗalibai sun jingina da ginshiƙai kowa da littafinsa a cinya. Kasa kunne da kyau, ba wuya ka ji Hausa a bakin wasu. Ba yau aka fara ba, tun da daɗewa akwai sashen da aka keɓe wa ɗaliban Borno a Azhar, kuma ta wannan birni alhazan da suka gabace mu suka riƙa ratsawa. Mansa Musa ma nan ya yada zango a 1324.

Daga nan ka tsallaka titi sai kasuwar Khan Khalili, a yi ciniki da haƙuri domin farashin farko ba shi ne farashi ba. Amma in ni za a tambaya, masallacin Ibn Ɗulun ya fi komai tsaya mini a rai. An gama shi a 879, ya girmi Azhar ke nan, kuma baƙi ba su cika cunkoso a cikinsa ba. Fili ne fetal, ga hasumiya mai matakala da ke nannaɗe ta waje. Ka hau sannu a hankali, in ka kai sama sai ka hango ganuwar da Salahuddin Ayyubi ya fara ginawa a 1176, da masallacin Sultan Hasan a gindinta, inda aka yi wa kowace ɗaya daga cikin mazhabobi huɗu makarantarta, har da ta Malikiyya da muke bi.

Ƙwallon ma ta ba mu abin tunawa, ba na musu. A babban filin Alƙahira muka fitar da Afirka ta Kudu da ci 2-1, a nan kuma Riyad Mahrez na Aljeriya ya karya mana zuciya da bugun tazara a mintin ƙarshe ranar 14 ga Yuli. Muka doke Tunisiya da ƙwallon Ighalo muka zo na uku, Aljeriya ta ɗauki kofi. Duk wannan ana iya sake kallonsa a waya yau ɗin nan. Farfajiyar Ibn Ɗulun kuwa sai da ƙafa.

Don haka, ɗan'uwa, in Allah ya hore maka kuɗin jirgi zuwa wata gasa, ko a wane birni ne, ka ware safiya biyu tun kafin ka sayi tikitin wasa. Ka tambayi 'yan gari ina tsohon gari yake, ka fita bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi.