Ƙuri'a Ɗaya, Amsa Biyu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in shaida wa 'yan'uwana akawuna da malamai abin da ya same ni, ko wani ya tsira.

Ni akawun ƙididdiga ne. A ofishinmu muna aiki da wata manhajar lissafi mai suna R, wadda malamai biyu, Ross Ihaka da Robert Gentleman, suka ƙaga a Jami'ar Auckland, suka bayyana ta a 1993. Kyauta ce, ba a biyan ko anini. Saboda haka na sauko da ita daga ma'ajiyarta, CRAN, na sa a kwamfutata ta gida, sa'an nan na ɗora RStudio, don shi ba ya aiki sai an riga an sa R.

Ran nan maigidana ya ba ni sunayen ƙauyuka 200, ya ce in fid da 20 ta hanyar ƙuri'a, waɗanda za a fara kai wa taimako. Na yi aikin a gida da dare, na ɗaure ƙuri'ar da umarnin set.seed, don kowa ya maimaita ya sami abin da na samu. Da safe maigida ya maimaita a kwamfutar ofis, sai ga waɗansu ƙauyuka dabam! Abin takaici, ƙauyenmu yana cikin takardata, ba ya cikin tasa. Bai ce mini kome ba, amma kallon da ya yi mini ya ishe ni.

Kwana uku ina bincike kafin in gane. Ashe a 2019, a fitowa ta 3.6.0, masu kula da R sun sake hanyar fid da ƙuri'a, don tsohuwar tana da 'yar karkata. Ta ofis tsohuwa ce, ba mai ikon sabunta ta sai mai riƙe da kalmar sirri. Tawa kuwa sabuwa. Da aka sabunta, takardun biyu suka zo daidai, na wanku.

To, jama'a, wanda zai sa R a makaranta da gida, ya tabbata lambar fitowarsu ɗaya ce. Umarnin sessionInfo() yana nuna ta. A rubuta ta a gindin kowane aiki. Mutuncin akawu a bakin alƙalaminsa yake.

Haza wassalam.

Naka,
Wani Akawu