Gundumar Da Ake Biyan Manomi Don Ya Bar Gonarsa Saura

Idan matafiyi ya bar birnin Amarilo na Jihar Tekzas ya nufi arewa, bayan tafiyar kamar awa biyu a mota sai ya shiga Gundumar Simaron, watau can ƙuryar yammacin Jihar Okalahoma ta Amurka. Fili ne shimfiɗaɗɗe fetal, da wuya ka ga itace, iska kuwa ba ta hutawa dare da rana. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yawan gonakin da na gani cike da ciyawa, babu shuka, babu shanu, alhali kuwa kowace da mai ita. Ashe ba lalaci ba ne. Gwamnati ce take biyan masu su don kada su sa musu garma.

Kafin mai karatu ya yi dariya, ya kamata ya ji asalin maganar. A zamanin Yaƙin Duniya na Farko da shekarun da suka biyo baya alkama ta yi daraja, manoma suka bi ciyawar da ta riƙe ƙasar nan tun fil azal suka nome ta da tarakta. Da fari ya zo a shekarun 1930, ƙasa ta rasa abin da zai kama ta, iska ta riƙa kwasar ta tana tafiya da ita. Ran 14 ga Afrilu, 1935, wata baƙar guguwa ta rufe garin Bois Siti, hedkwatar gundumar, rana ta koma dare. Hazon hunturu da muka sani wasa ne a kan wannan. Yara suka yi ta ciwon huhu, shanu suka mutu da yashi a ciki. Kwana 13 bayan haka Shugaba Rusbelt ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar kare ƙasar noma.

Shirin da ake bi yanzu, wanda ake kira CRP, ya samo asali ne daga dokar noma ta 1985. Manomi zai ƙulla yarjejeniya ta shekara 10 zuwa 15 da Ma'aikatar Aikin Gona, ya fitar da gonar da iska ke ci daga noma ya shuka mata ciyawa. Gwamnati ta ɗauki har rabin kuɗin shukar, kana ta riƙa biyansa haya kowace shekara bisa yawan eka. Idan fari ya tsananta akan ba da izinin kiwo ko yankan ciyawar. A 2007 filayen da ke cikin shirin a duk ƙasar sun kusa eka miliyan 37.

Ƙasa dai ta zauna, wannan babu musu. Amma wanda ya zaga cikin Bois Siti zai ga ɗaya gefen. Gonar da ba a nomawa ba ta bukatar iri, ko taki, ko mai, ko makaniki, saboda haka mai kanti ne yake ɗanɗana kuɗarsa. Mai gona yana iya komawa birni kuɗin haya su bi shi can, saurayin da ke neman filin aro kuwa ya rasa. Don haka ne doka ta ce, in ba da izini na musamman ba, kada abin da za a sa cikin shirin ya wuce kashi 25 cikin 100 na gonakin gunduma guda.

A ganina zalunci ne a ɗora wa shirin laifin duka, domin manyan injuna sun daɗe da rage hannuwan da noma ke bukata. A ƙidayar 1930 mutanen Simaron sun haura 5,000. A ta 2020 ba su cika 2,300 ba.