Ƙugiya da wayoyi bakwai: abin da na koya a ƙarƙashin mota

Mai gona a bayan gari, in yana da mota kat-kat, ba ya daɗewa sai ya fara tunanin ɗaura mata ƙaramar tirela, wadda mu a Damagaram muke ce wa rimok. Ni dai dammunan gero da harawa ne suka sa ni, daga gonarmu ta wajen Mirriya, sai kuma ruwa, wanda kowane ɗan Zinder ya san yadda yake ɓuya da bazara. Motar tsohuwar Prado ce, shigowar Kwatano, kuma ni na ɗaura mata ƙugiya na ja mata wuta da hannuna.

Shawarar farko da na samu ta wani mai walda ce. Ya ce, "Malam, kawo ta kawai in liƙa maka ƙarfe a bamba, kafin la'asar ka tafi." Na yi masa godiya na wuce. Bamba ba don jan kaya aka yi ta ba. Shasi ne ke ɗaukar nauyi, shi ma ba ya son wutar walda barkatai: zafi na raunana ƙarfensa, ga tankin mai a kusa. Da na shimfiɗa tabarma na kwanta ƙarƙashin motar, sai ga ramukan kusoshi a jikin shasin, dama da hagu, da zarensu tun daga masana'anta, laka da tsatsa ne kawai suka toshe su. Na goge su da burushin ƙarfe, na ɗiga mai, na riƙa murɗa kusa da yatsu har ta shiga ba gardama. Kusar da ta ƙi shiga da yatsu, in ka tilasta ta da sifana, zaren ka cinye.

A duba kan kusa. Mai kyau za ka ga an buga mata 8.8 ko 10.9. Wadda kanta yake fili, komai ƙyallinta, a bar ta ga mai gyaran ƙofa. Na tallafe ƙarfen ƙugiyar da jak, na sa kusoshin duka sako-sako, sai da kowace ta zauna sannan na bi su ina ɗaurewa. Bayan tafiyar farko a kan burji na sake bin su da sifana, don girgizar hanyoyinmu tana kwance abin da ka rantse ya ɗauru.

Ƙwallon da bakin rimok ke kamawa ma yana da awo. Na Turai milimita 50 ne. Na Amurka akwai mai inci 2, wato milimita 50.8, akwai kuma ƙarami da bai kai milimita 48 ba. A ido duk ɗaya suke, amma bakin 50 a kan ƙaramin nan rami ɗaya ya isa ya fizge shi. Don haka ne ake gicciya sarƙoƙi biyu a ƙarƙashin wuyan rimok.

Duk wannan aikin ƙarfi ne. Inda haƙurina ya sha gwaji wayoyi ne. Soket irin na Turai ƙafa bakwai gare shi, kuma launukansa sanannu ne: rawaya siginar hagu, koriya siginar dama, ja birki, baƙa da ruwan ƙasa fitilun baya, shuɗiya fitilar hazo, fara kuma ita ce mas, wato wayar da ke komawa jikin mota. Sai dai wannan tsarin na soket ne. Cikin motar, Toyota nata launukan daban, kuma tsohuwar mota ta bi ta hannun masu gyara da yawa kafin ta zo gare ka. Ban amince da launi ko ɗaya ba. Na cire fitilar baya, na haɗa ɗan ƙwan gwaji da waya, na zaunar da ɗana a kujerar direba.

"Baba, in taka?"

"Taka. Riƙe haka nan. To, saki. Yanzu ba ni hagu."

Wayar da ta kunna ƙwan sai in naɗa mata takarda in rubuta sunanta.

Farar wayar nan ita ake rainawa, ita ce kuma uwar rikici. In ka ga rimok ya ba da hagu amma fitilunsa duka suna lumshewa tare, kada ka zargi ƙwai, mas ce ba ta kama ba. Sai ka kankare fenti har ƙarfe ya fito fari, ka ɗaure ta a can da kusa, kada ka dogara da cewa ƙwallon zai mai da wuta. Mahaɗar wayoyi kuwa da dalma na like su. Murɗawa da naɗa salatif aikin sati biyu ne a garin da zafin Afrilu ke wuce digiri 40: gam ya narke, ƙura ta shiga, damina ta ƙarasa. Na bar wa igiyar wayoyin da ke zuwa rimok ɗan sarari don kwana, ba mai yawan da za ta ja ƙasa ba.

Akwai inda ya kamata mutum ya san iyakarsa. Wasu tsofaffin Land Cruiser masu gazuwal wutarsu bolt 24 ce, za su ƙone ƙwan 12 nan take. Motocin Amurka da yawa birki da sigina waya ɗaya suke bi. Sababbin motoci kuma kwamfuta ce ke lura da fitilunsu, sai an sa musu wani ɗan akwati a tsakani. Mai irin waɗannan ya nemi ƙwararren mai wayarin, ba abin kunya ba ne.

Saura nauyi. Litar ruwa kilo ɗaya ce, ke nan farin tankin nan mai lita 1,000 tan guda ne cur. A Faransa rimok marar birki ba ya wuce kilo 750, har da nauyin kansa, kuma ba don ƙa'ida ta yi musu daɗi suka yanka haka ba: birkin motarka ne kaɗai zai tsai da ku duka. Tanki rabi ma ba sauƙi ba ne, ruwan kan tura ka gaba bayan ka tsaya. Na koma jarkoki cikakku, ina jera mafi yawansu gaban ƙafafun rimok. Kayan da suka rinjaya baya su ne ke sa shi kaɗa wutsiya, in kuwa ya fara, ɗaga ƙafa daga totur a hankali ya fi danna birki.

Na ji masu cewa wahalar wayoyin nan ba ta da amfani tunda da rana suke tafiya. Wanda ya taɓa barin gona a kan lokacin da ya yi niyya ya faɗa mini. Magariba kan riske ka a kan babbar hanyar Diffa, manyan motoci na bin ka, rimok ya rufe fitilun motarka, direban baya kuwa ba abin da zai gaya masa ka tsaya sai jar fitilar nan. Kafin ka tashi, sa yaro ya tsaya a baya, ka taka birki, ka ba da hagu da dama, ya ce maka sun kama.